Luwi Fastar, Ɗan Majemi Mai Kiwon Halittun Da Ido Ba Ya Gani

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Gobir ya san nono. In ka je kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, za ka tarar da matan Fulani sun jera ƙorai a inuwa, kowace da ludayinta. To, amma ka taɓa tambayar kanka yadda madara ta ke zama nono? A tatsi saniya, a zuba madarar cikin ƙwarya, a ɗiga mata ɗan tsohon nono, a rufe da faifai. Gari na wayewa sai a tarar ta yi kauri, ta yi tsami. Ba wanda ya taɓa ta da dare. Wa ya yi aikin?

Haka kuma daddawa. A dafa kalwa, a surfe ta, a wanke, a rufe ta wuri mai ɗumi, bayan kwana biyu ko uku sai ta yi yauƙi, ƙanshinta ya cika gida. Marina su ma sukan zuba baba da toka cikin rijiyar rini, su jira kwanaki kafin ruwan ya nuna. Tun zamanin da Alƙalawa ta ke babban birnin Gobir, Bawa Jangwarzo yana bisa gadon sarauta, kakanninmu sun gwanance da waɗannan sana'o'i duka. Sun san yadda a ke yi, ba kuwa wanda zai koya musu. Abin da ba su sani ba shi ne dalili. Turawan wancan zamani su ma ba su sani ba.

An ci Alƙalawa da yaƙi cikin 1808. Shekara 14 bayan haka, ran 27 ga Disamba 1822, aka haifi mutumin da ya warware wannan magana, can a gabashin ƙasar Faransa. Sunansa Luwi Fastar, Faransawa kuwa suna rubuta shi Louis Pasteur. Garin da aka haife shi a rubuce kamar kalmarmu ta dole ya ke, watau Dole, amma su Dol su ke cewa.

Ubansa majemi ne. Da can soja ne cikin rundunar Nafoliyon, har ya kai saje, ya sami lambar girma. Da yaƙi ya ƙare ya komo ga sana'ar gidansu. Luwi yana ƙarami suka ƙaura zuwa wani gari a ke kira Arbois, uban ya kafa majema a bakin rafi. Ku da kuka san majeman Sakkwato, da fatun jar akuya, da bagaruwa, kun san irin warin da yaron nan ya tashi a cikinsa. Uban ba mai arziki ba ne, amma ba abin da ya ke so kamar ɗansa ya yi ilmi. Babban burinsa shi ne wata rana Luwi ya zama malami a makarantar garinsu.

A makaranta ba wanda ya ɗauke shi haziƙi. Yaro ne mai nawa, ba ya amsa tambaya sai ya juya ta ya sake juyawa. Abin da ya fi iyawa shi ne zane, ya kuwa zana hoton uwarsa da ubansa da maƙwabtansu, har yau hotunan suna nan. Cikin 1838 aka kai shi karatu Faris, babban birnin ƙasar. Bai yi wata biyu ba kewar gida ta kama shi, har ya rame, sai da uban ya zo ya ɗauke shi. Ya ci gaba da karatu kusa da gida. Da ya yi jarrabawa cikin 1842, sakamakonsa a ilmin sinadarai, watau kemistiri, tsaka-tsaki ne kawai. A shekarar nan ya nemi shiga babbar makarantar horon malamai ta Faris. Ya ci, amma sunansa ya zo can ƙasa. Sai ya ƙi shiga, ya koma ya sake shekara guda yana shiri, da aka sake jarrabawa ya zo na huɗu. Wannan hali, na ƙin yarda da aikin da bai gamsu da shi ba, shi ya bi shi har tsufa.

Aikin da ya fara fito da sunansa na wani sinadari ne mai tsami da a ke samu cikin inabi. Akwai shi kuma cikin tsamiya, yana cikin abin da ke sa kunun tsamiya tsami. In ya bushe yakan zama 'yan ƙwayoyi kamar na gishiri. Manyan masana sun daɗe suna duba ƙwayoyin wani nau'insa, ba su ga kome ba. Cikin 1848 Fastar, yana ɗan shekara 25, ya sa su ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ya lura ashe iri biyu ne a gauraye. Kamanninsu ɗaya, amma ɗaya na fuskantar dama, ɗaya na fuskantar hagu, kamar tafin hannunka biyu. Ya sa matsefata ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya lura da wani abu kuma: inabi, da ya ke abu ne mai rai, iri ɗaya tak ya ke yi. Tun daga nan hankalinsa ya koma ga abin da masu rai ke iya yi cikin sinadarai.

Cikin 1849 aka ba shi aikin koyarwa a jami'ar Strasbourg, a nan ya auri Marie Laurent, 'yar shugaban jami'ar. Matar nan ta zama magatakardarsa, yana faɗa tana rubutawa, har ƙarshen ransa.

Cikin 1854 aka mayar da shi Lille, garin masana'antu a arewacin Faransa. A ƙasar nan suna noman wata saiwa mai zaƙi da a ke yin sukari da ita, wasu kuma su tatse ruwanta su bar shi ya tsima ya zama barasa. Cikin 1856 wani mai masana'anta, sunansa Bigo, ya kawo kuka. Ɗansa almajirin Fastar ne. Ya ce wasu randunansa suna yin daidai, wasu kuwa sai su yi tsami su lalace, ya rasa dalili, ga hasara tana ta hawa.

Fastar ya ɗebo ruwa daga randunan duka, ya ɗiga a gilashi, ya duba da madubi. Cikin randa mai kyau ya ga 'yan ƙwayoyi kewayayyu, suna tsiro, ɗaya na fita daga jikin ɗaya. Wannan shi ne yis, irin wanda masu burodi ke sa wa ƙullu ya tashi. Cikin randar da ta ɓaci kuwa ya ga wasu abubuwa dabam, ƙanana ƙwarai, masu kama da guntayen tsinke. Da ya auna tsamin ruwan, sai ya tarar irin tsamin nono ne sak.

Ba shi ne ya fara ganin irin waɗannan halittu ba. Wani mai sayar da tufafi a ƙasar Holan, Leeuwenhoek, ya gan su wajen shekara 180 kafin haka, wasu kuma sun riga sun ce yis abu ne mai rai. Amma manyan masanan sinadarai na zamanin sun ɗauka tsimuwa ruɓa ce kawai, ƙwayoyin nan kuwa datti ne da ke biye da ita. Fastar ya ƙi yarda. Ya ɗauki 'yan tsinkayen nan kaɗan, ya shuka su cikin ruwan sukari mai tsabta kamar yadda manomi ke shuka iri. Suka hayayyafa, ruwan ya yi tsamin nono. Ya ɗiba daga nan ya shuka a wani, haka aka sake samu. Cikin 1857 ya buga bayanin wannan aiki. Ga amsar tambayarmu ke nan. Ɗan tsohon nonon da Bafillatana ke ɗigawa iri ne. A cikinsa akwai halittu masu rai da ba su ƙidayuwa, su ke cin zaƙin madara da dare, su fid da tsami, tsamin ya sa ta yi kauri. Kowane aiki da nasa ma'aikaci: na nono dabam, na burodi dabam, na daddawa dabam.

To, daga ina su ke fitowa? Mutane da yawa, har da masu ilmi, sun gaskata cewa ƙananan halittu suna tsirowa da kansu daga abin da ba shi da rai. Ko a nan za ka ji wani ya ce nama ne ke haifar tsutsa, ko datti ne ke zama ƙwarƙwata. Fastar ya ce a'a, kowane mai rai daga mai rai irinsa ya ke fitowa, waɗannan kuwa ƙura ce ke ɗauke da su cikin iska.

Dubi dabarar da ya yi don ya tabbatar. Ya zuba romo cikin kwalba, ya sa wuyan kwalbar a wuta har ya yi laushi, ya ja shi ya lanƙwasa kamar wuyan zalɓe, bakin kuwa ya bar shi a buɗe. Sa'an nan ya tafasa romon don ya kashe duk abin da ke ciki. Iska tana shiga, amma ƙura sai ta maƙale a lanƙwasar wuyan. Romon ya yi watanni bai ɓaci ba. Da ya karya wuyan, ko ya karkata kwalbar romon ya taɓa ƙurar, cikin kwana biyu sai ya yi gurɓi. Cikin 1860 ya ɗauki wasu kwalabe da ya liƙe bakinsu, ya yi tafiya da su. Ya buɗe 20 a karkara, 8 suka ɓaci. Ya hau wani tudu ya buɗe 20, 5 suka ɓaci. Ya hau can bisa manyan duwatsun Alps, inda ƙanƙara ba ta narkewa, ƙura kuma ba ta da yawa, ya buɗe 20, ɗaya tak ta ɓaci.

Da ya san abokan aikinsa, sai ya san maganin masu ɓarna a cikinsu. Masu sayar da ruwan inabi na Faransa suna hasara ƙwarai don kayansu na lalacewa a hanya. Fastar ya nuna musu in aka ɗumama shi zuwa awo 50 ko 60, ba sai ya tafasa ba, masu ɓarnar za su mutu, ɗanɗano kuwa ba zai sāke ba. Wannan cikin 1865 ne. Daga baya wasu suka ɗauki dabarar suka yi wa madara, har yau kuwa da sunansa a ke kiranta ko'ina a duniya. A masana'antar madara akan ɗumama ta zuwa awo 72 na daƙiƙa 15, sa'an nan a sanyaya ta maza. A gida ba mu da ma'aunin zafi, sabo da haka tafasawa ita ce tamu. Ɗanyar madarar saniya marar lafiya tana iya ɗauke da tarin fuka.

Wani likitan fiɗa a Gilasgo, Joseph Lister, ya karanta rubuce-rubucen Fastar, ya yi tunani: in waɗannan halittu ke ɓata romo, watakila su ne ke sa rauni ruɓewa. A zamanin nan likita yakan gama da wannan majinyaci ya wuce ga wancan bai wanke hannu ba, mutane da yawa kuwa ba fiɗar ke kashe su ba, ruɓar da ke biyo baya ce. Lister ya fara wanke hannu da wuƙaƙe da rauni da magani mai kashe ƙwayoyin cuta, ya buga sakamakon cikin 1867. Mace-mace suka ragu ƙwarai a ɗakinsa.

Cikin 1865 gwamnati ta roƙi Fastar ya tafi kudancin ƙasar, garin Alès. Kun san rigar tsamiya, wadda a ke saƙa da zaren da wata tsutsa ke yi a daji. To, mutanen can kiwon tsutsar siliki su ke yi cikin gida, suna ba ta ganye, da ita su ke ci su ke sha. Wata cuta ta faɗa wa tsutsotsin, ƙauyuka suka talauce. Fastar bai taɓa riƙe tsutsar siliki ba kafin ranar, bai kuwa ɓoye haka ba. Ya shekara biyar yana fama, ya yi kuskure ya gyara, har ya gane ashe cuta biyu ce ba ɗaya ba. Maganin da ya ba su mai sauƙi ne. A ware kowace uwa ta yi ƙwanta a kan ƙyalle dabam, sa'an nan a niƙe uwar a duba da madubi. In tana da cutar a ƙone ƙwan, in ba ta da ita a ajiye su iri. Har 'yarsa ƙarama ta koyi dubawa.

Shekarun nan su ne mafi ɗaci a rayuwarsa. 'Ya'ya biyar suka haifa, uku suka mutu suna ƙanana. Babbar, Jeanne, zazzaɓin taifot ya kashe ta cikin 1859 tana da shekara 9. Cikin 1865 ubansa ya rasu, 'yan kwanaki bayan isarsa Alès, a shekarar kuma autarsu Camille ta bi shi. Shekara na kewayowa taifot ya sake ɗauke Cécile, mai shekara 12. Cikin Oktoba 1868 shi kansa ya faɗi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, yana da shekara 45. Kowa ya fid da rai. Ya tashi, amma har ya mutu yana jan ƙafa, hannun hagu kuwa bai sake moruwa sosai ba. Duk aikin da za ku ji nan gaba da hannun mataimakansa aka yi shi, musamman Roux da Chamberland, shi yana tsaye yana duba kowane motsi.

Cikin 1879 suna binciken wata annobar kaji. Suna kiwon ƙwayar cutar cikin romon kaza, duk kazar da aka yi wa allura da shi sai ta mutu. Aka bar wani romo ya daɗe a ajiye. Da aka yi wa kaji allura da shi, sai suka ɗan yi laushi, suka warke. Aka sake yi musu da sabon romo mai ƙarfi, ko gezau ba su yi ba, alhali kuwa sababbin kajin da aka yi wa tare da su sun mutu. Fastar ya tuna da Edward Jenner, likitan Ingila wanda cikin 1796 ya nuna cewa ƙurajen nonon saniya suna kare mutum daga agana. Amma Jenner tsintar rigakafinsa ya yi a jikin saniya. Fastar kuwa ya ga hanyar da mutum zai kama cuta mai kisa, ya raunana ta da hannunsa, ya mayar da ita rigakafi. Jiki yakan yi kokawa da raunanniyar ya kayar da ita, in ta gaske ta zo sai ta tarar ya riga ya san kamunta.

Makiyayanmu sun san ciwon saifa. Dabba tana kiwo lafiya lau, kafin wani lokaci ta faɗi matacciya, baƙin jini na fita ta hanci, in aka buɗe cikinta a tarar saifa ta kumbura. Wanda ya feɗe ta ko ya ci namanta yana iya kamuwa. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya bayyana rayuwar ƙwayar cutar cikin 1876. A Faransa akwai filayen da makiyaya ke cewa la'anannu ne, don duk garken da ya yi kiwo a nan sai ya yi hasara. Fastar ya bincika ya ga a nan aka binne mushen dabbobi, irin cutar kuwa yana shekaru cikin ƙasa bai mutu ba, tana ce ke turo shi sama tare da ƙasar da ta ke fitarwa.

Da ya ce ya sami rigakafi, wani likitan dabbobi, Rossignol, wanda bai gaskata shi ba, ya nemi a gwada a bainar jama'a. Fastar ya yarda, ya kuma faɗi abin da zai faru tun ba a fara ba. In da ya faɗi, da sunansa ya zube. Aka tara dabbobi a wata gona a Pouilly-le-Fort. Ran 5 ga Mayu 1881 aka yi wa tumaki 24 da akuya ɗaya da shanu 6 allura, aka sake ran 17. Wasu tumaki 24 da akuya ɗaya da shanu 4 aka bar su haka nan. Ran 31 ga wata aka sa wa dukansu cutar mai ƙarfi. Ran 2 ga Yuni jama'a suka taru, manoma da likitoci da 'yan jarida. Tumakin da ba a yi wa rigakafi ba, 21 sun riga sun mutu, biyu suka faɗi a gaban mutane, ta ƙarshe ta cika da yamma, akuyar ma ta mutu, shanun kuwa sun kumbura. Waɗanda aka yi wa suna tsaye suna cin ciyawa. Tunkiya ɗaya mai ciki ce kaɗai ta mutu daga baya.

A nan akwai abin da ya kamata ku sani, don mutum ne shi, tara ya ke bai cika goma ba. Fastar yana rubuta kome cikin littattafan aikinsa, amma ya hana a nuna su. Sai cikin 1964 jikansa ya ba da su ga babban ɗakin littattafai na ƙasar. Da masana suka karanta, sai suka ga allurar da aka yi a ranar ba ta hanyar da ya bari mutane suka ɗauka aka haɗa ta ba. Da wani sinadari aka raunana ƙwayar, dabarar da Chamberland da Roux suka shirya, mai kama da ta wani likitan dabbobi, Toussaint, wanda su ke tsere da shi. Allurar ta yi aiki, ba shakka. Amma ya rage wa mutane hakkinsu na yabo, wannan kuwa ba daidai ba ne.

Saura babban aikinsa na ƙarshe. Yana ɗan shekara 8 wani mahaukacin kyarkeci ya ciji mutane a yankin Arbois. Maganin da aka sani a lokacin shi ne a kai mutum maƙera a ƙona cizon da jan ƙarfe, duk da haka wasu suka mutu. Ciwon haukan kare mugun ciwo ne. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana bin jijiya a ɓoye har ya kai ƙwaƙwalwa. In ya bayyana, mutum ya ga ruwa ya kasa sha, to, sai dai haƙuri. Fastar ya ga wannan jinkiri shi ne ƙofa: in aka yi sauri, rigakafi zai riga cutar isa.

Wahalar ita ce ƙwayar wannan cuta ta fi ƙarfin madubinsa don ƙanƙanta, ba ta kuma tsira cikin romo. Ba a gan ta ba sai bayan fiye da shekara 60 da rasuwarsa. Sabo da haka cikin jikin zomaye suka yi kiwonta. In zomo ya mutu sai su zare lakar gadon bayansa, su rataye ta cikin kwalba mai busasshiyar iska. Kullum ƙarfinta na raguwa, in ta kwana 14 ba ta iya kome. Sai su fara yi wa kare allura da mafi daɗewa, gobe da wadda ta ɗan fi ta ƙarfi, haka haka har su kai ga ɗanya.

Ran 6 ga Yuli 1885 wata mace ta iso daga Alsace da ɗanta, Joseph Meister, mai shekara 9. Kwana biyu da suka wuce mahaukacin kare ya kayar da shi, ya cije shi wuri 14. Fastar ya shiga tsaka mai wuya. Gwajinsa a kan karnuka bai kammala ba. Shi kuma ba likita ba ne, doka ba ta ba shi ikon yi wa mutum allura ba. In ya ƙi, watakila yaron ya mutu. In ya yarda, to, da hannunsa za a sa wa ɗan mutane cutar, ba kuwa duk wanda kare ya ciza ke kamuwa ba. Ya kira likitoci biyu suka duba raunukan, suka ga gara a yi. Da daren nan Likita Grancher ya yi allurar fari. Aka yi 13 cikin kwana 11, ta ƙarshe da laka mai cikakken ƙarfi. Fastar ya kasa barci a kwanakin nan. Mako ya bi mako, wata ya bi wata, yaro yana wasansa.

Cikin Oktoba aka kawo na biyu, wani makiyayi ɗan shekara 15, Jupille. Mahaukacin kare ya tasam ma ƙananan yaran da su ke kiwo tare, shi kuwa ya tare shi, suka yi kokawa, ya ɗaure masa baki da bulalarsa, ya kashe shi, amma ya sha cizo. Shi ma ya tsira. Labari ya bazu. Aka kawo yara huɗu daga Amurka. Aka kawo mutum 19 daga Rasha waɗanda kyarkeci ya yayyaga, 16 suka koma gida. Ba kowa ya tsira ba. Wata yarinya mai shekara 10, Louise Pelletier, sai bayan kwana 37 da cizo aka kawo ta. Fastar ya san an makara, ya kuma san mutuwarta za ta ba abokan gābarsa abin faɗa, amma bai iya korar iyayenta ba. Ya zauna kusa da gadonta tana jinya, amma ta mutu. Kafin farkon Maris 1886 an yi wa mutum 350 allura, ita kaɗai aka rasa. Don haka, yara, in kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Mutane suka tara kuɗi daga ƙasashe da yawa, talakawa da sarakuna, har da Sarkin Rasha da Sarkin Musulmi na Santambul, aka gina masa babban gidan bincike a Faris, aka buɗe shi ran 14 ga Nuwamba 1888. Cikin 1892 aka yi bikin cikarsa shekara 70. Ya shigo zauren yana dogare da hannun shugaban ƙasar Faransa, Lister ya taso daga Ingila ya rungume shi. Ya rasu ran 28 ga Satumba 1895, aka binne shi cikin gidan binciken nan. Joseph Meister kuwa, da ya girma, shi ya zama mai tsaron ƙofar gidan, har ya mutu cikin 1940.

Sana'ar da Fastar ya share wa hanya, ta sa abu mai rai ya yi wa mutum aiki bisa sani, yau Turawa na kiranta bayoteknoloji, ta kuwa iso ƙasarmu tun tuni. Ku duba damtsenku, da yawanku za ku ga ɗan tabo. Na allurar tarin fuka ne, wadda Calmette da Guérin suka yi. Ƙwayar tarin shanu suka kama, suka shekara 13 suna dasa ta daga wannan kwalba zuwa waccan har ta yi laushi, aka fara ba jariri cikin 1921. Gidan bincike mai sunan Fastar da ke Dakar yana yin allurar shawara. A Vom, kusa da Jos, tun 1924 a ke da gidan binciken cututtukan dabbobi, inda a ke haɗa alluran shanu da tumaki da kaji. Bushiya, wadda ta sha share garkunan kakanninmu, allura ce ta ga bayanta, cikin 2011 aka ba da sanarwar ta ƙare a duniya. Tun 1982 kuma masu ciwon sukari ke amfani da insulin wanda ƙananan halittu ke yi cikin manyan tukwanen ƙarfe, bayan an dasa musu umarnin yinsa. A Samaru ta Zariya masana sun fid da wani irin wake wanda aka dasa masa gādon wata ƙwayar halitta mai zama cikin ƙasa, don tsutsar da ke huda fure da kwanson wake ta kasa cinsa. Gwamnatin Nijeriya ta amince da shi cikin 2019, sunansa SAMPEA 20-T.